Kafin Ka Kai Littafinka Maɗaba'a

[Kiɗan buɗe shiri]

  Gaisuwa ga mutanen Gidan Goga da Maradun, da na Bakura da Talata Mafara, musamman malamai da ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, da masu shagunan kwamfuta da ke buga wa jama'a takardu. Shirinmu na yau na marubuta ne da masu buga musu rubutu. Za mu tattauna a kan abin da ke faruwa tsakanin ranar da marubuci ya ce ya kammala littafinsa a cikin Word da ranar da inji ya fara juyawa a maɗaba'a.

Wannan yanki namu na Zamfara ba ya rasa abin rubutawa. Ga tarihin masarautu. Ga madatsar ruwa ta Bakolori da aka kammala a 1978, da rikicin manoma da ya biyo baya a 1980. Ga waƙoƙin Alhaji Musa Ɗanƙwairo, haifaffen ƙasar Bakura amma duniya ta san shi da Maradun, wanda ya rasu a 1991. Ga kuma abin da garuruwa irin su Gidan Goga suka gani a hannun 'yan bindiga a shekarun nan, wanda in waɗanda suka gani da idonsu ba su rubuta ba, wasu ne za su rubuta musu daga nesa. Kuma ana rubutawa, alhamdu lillahi, wasu a kwamfuta, da yawa a waya. Inda ake yawan faɗuwa shi ne wajen mayar da rubutun ya zama littafi.

Bari mu ɗan koma baya, don a gane inda matsalar ta samo asali. A zamanin da Kamfanin Gaskiya na Zariya, wanda aka kafa a 1945, yake buga yawancin littattafan Hausa, marubuci kan miƙa rubutun hannu ko na tafireta. Ma'aikacin ɗab'i zai zauna ya sake jera rubutun da haruffan dalma, tun daga harafin farko har na ƙarshe. Idonsa ne ke gane wannan kan babi ne, wancan baitin waƙa ne, wancan kuma maganar wani aka ɗauko. Duk tarkacen da ke jikin takardar marubuci a kan tebur yake tsayawa, ba ya shiga littafi. Yau kuwa ba mai sake buga maka komai. Fayil ɗinka ake ɗauka a zuba cikin wata manhaja, kuma manhaja ba ta da idon wancan ma'aikaci. Abin da ka sa a ciki shi za ta kwasa, har da wanda ba ka san ka sa ba.

To, me ya sa ba za a buga daga Word ɗin kai tsaye ba? Ana iya yi, ana ma yi. Amma Word an gina shi ne don wasiƙa da rahoton ofis a kan takardar A4. Littafi kuwa yana da nasa ƙa'idoji: ƙaramin shafi, galibi A5 ko kusa da haka, da faɗin gefen da za a ɗinke, da babi da ke farawa a shafin dama, da layuka masu daidaiton tazara. Ga kuma halin nan na Word da kowa ya sani: ka tsara shafi 120 a kwamfutarka, a buɗe a ta wani ya koma 126, kan babi ya maƙale a gindin shafi. Shi ya sa masu sana'ar ke mayar da rubutu cikin manhajar tsara shafi. Akwai InDesign na kamfanin Adobe, wanda ya fito a 1999. Akwai yayansa PageMaker, wanda har gobe ana samun sa a wasu shaguna, ko da yake fitowarsa ta ƙarshe tun 2001 ce. Akwai Scribus, wanda kyauta ne. Akwai kuma LaTeX, wanda za mu zo kansa. CorelDRAW da mutanenmu suka fi sabawa da shi gwani ne a bangon littafi da katin biki, amma a ganina zuba masa littafi mai shafi 200 neman wahala ne.

Abu mafi muhimmanci da zan faɗa a shirin nan shi ne wannan. Aikin marubuci a cikin fayil shi ne ya nuna mene ne kowane yanki na rubutunsa. Yadda zai fito a ido aikin mai tsara shafi ne. A ce wani malamin makaranta a Gidan Goga ya rubuta tarihin garinsu. Da ya zo kan babi sai ya ƙara wa haruffa girma, ya kaurara su, ya dinga danna maɓallin tazara har rubutun ya kai tsakiya. Da ya gama babi sai ya danna Enter sau goma sha don ya faɗa sabon shafi. A idonsa ya yi kyau. A wurin manhaja kuwa babu wani kan babi a nan, sakin layi ne kawai da aka yi wa ado, da tarin layuka marasa komai. Ranar da aka rage shafin daga A4 zuwa A5, duk waɗannan tazarori za su watse, kowace ta faɗa inda ta ga dama. Tamkar wanda ya sayi shadda ne, ya sa almakashi ya yayyanka ta a gida bisa kintace, sannan ya kai wa tela. Telan zai fi son a kawo masa yadin a miƙe, a gaya masa riga ake so ko kaftani.

Maganin yana nan cikin Word ɗin, a saman allo, wurin da aka rubuta Styles. Kan babi a ba shi Heading 1. Ƙaramin kai a cikin babi a ba shi Heading 2. Sauran rubutu a bar shi a Normal. Maganar da aka ɗauko daga wani wuri mai tsawo a ba ta Quote. Bayanin ƙasan shafi kuma a sa shi ta hanyar da Word ya tanada, kada a buga lamba da hannu a ja layi a ƙasa. Wanda ya yi haka ya gama rabin aikin juyawa tun kafin a fara, domin InDesign na iya ɗaukar kowane salo na Word ya haɗa shi da nasa, kuma jerin abubuwan da ke ciki zai fito da kansa, da lambobin shafi daidai. Mai shago da ke son ganin abin da ke ɓoye a fayil ɗin da aka kawo masa, ya danna alamar nan mai kama da harafin P da ya juya baya. Zai ga kowace tazara da kowane Enter a fili. Wani lokaci abin sai ya ba ka dariya, wani lokaci tausayi.

[Gajeren kiɗa]

Jama'a, har yanzu kuna tare da mu, muna magana a kan mayar da rubutun Word ya zama littafi. Yanzu mun zo kan ciwon da ya fi damun mu Hausawa, wato haruffa masu ƙugiya: ƙa da ɗa da ɓa. Tun a shekarun 1930 suka zauna a rubutun boko, zamanin da Hukumar Talifi ke aiki a Zariya. Sai dai injinan da aka yi ta kawo mana ba da su aka ƙera su ba. A zamanin tafireta da biro ake bi ana lanƙwasa musu kai. Da kwamfuta ta zo, sai masana suka nemo dabara. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya ƙirƙiro zubin haruffan Hausa, wato abin da 'yan kwamfuta ke kira font, ciki har da wanda ya sa wa suna Rabi'at. Wannan aiki ya taimaki ɗab'in Hausa ƙwarai, kuma wasu ma sun yi irinsa.

Dabarar irin waɗannan tsofaffin font ita ce aron gurbi. A ɗauki wani maɓalli da Hausa ba ta amfani da shi, a zana masa hoton harafi mai ƙugiya. A wani tsarin q ce ke fitowa a matsayin ƙa, x a matsayin ɗa, v a matsayin ɓa. A wani tsarin kuma alamomin baka-baka aka ara, da 'yar alamar nan mai kama da igiyar ruwa. Ido na ganin ƙasa, amma abin da kwamfuta ta adana shi ne q da a da s da a. Muddin font ɗin na nan, lafiya lau. Ranar da fayil ya je kwamfutar da ba ta da shi, ko aka juya shi zuwa wani tsari, asiri ya tonu. Duk wanda ya taɓa cin karo da rubutun Hausa a intanet cike da baka-baka a tsakiyar kalmomi, to wannan ne sanadin. A LaTeX ma abin ya fi muni in aka kwafa da hannu, don alamomin baka masu lanƙwasa umarni ne a wurinsa, ita kuma mai kama da igiyar ruwa tazara yake ɗaukar ta. Sai harafin ɓa ya ɓace ɗungurungum, a bar rami a wurin.

Gyaran da ya ɗore shi ne Unicode, tsarin da aka fara fitarwa a 1991 wanda ya ba kowane harafi na duniya lambarsa ta kansa. Ƙa na da tata, ɗa da ɓa na da nasu, haka ma ƴa mai ƙugiya da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa inda mu a Nijeriya muke sa waƙafin sama kafin y. Wanda ke rubutu a waya da allon Hausa na Gboard, haruffan gaske yake bugawa. A kwamfuta kuma akwai allon Hausa a cikin Windows, akwai kuma manhajar Keyman. Sai dai a kula da wani abu. A cikin jadawalin Unicode, ƙaramar ƙa tana rukuni guda, ƙananan ɗa da ɓa suna wani rukunin daban, tare da alamomin masana furuci. Saboda haka za ka iya samun font mai ɗauke da wani harafin amma babu wani. Word kan rufa asiri, ya aro harafin daga wani font a ɓoye, shi ya sa wani lokaci za ka ga ɗa ta fi maƙwabtanta ƙiba ko tsawo. Manhajar tsara shafi ba ta wannan rufin asiri: akwati za ta nuna, ko ta bar gurbin fayau. Font irin su Charis SIL da Gentium da Andika da Noto duk suna da haruffanmu, manya da ƙanana, kuma kyauta ne. PageMaker kuwa bai san Unicode ba sam, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa wasu shaguna suka kasa rabuwa da tsohon tsari.

Wanda ke da tsohon fayil mai q da x da v zai iya gyara shi da umarnin nema da musanyawa. Amma a yi hattara, jama'a. A kunna zaɓin da ke bambanta babban baƙi da ƙarami, kuma kada a yi wa littafin kuɗin goro. Shafin manazarta cike yake da sunayen Turanci, farkon littafi kuma da lambobin Romawa. Wanda ya musanya duka a danna guda zai wayi gari shafi na vi ya koma ɓi, na xii ya koma ɗii, kalmar University ta fito da ɓa a tsakiyarta. Ku duba kundayen digiri na Hausa da ake sawa a intanet, za ku ga irin wannan ɓarna ba sau ɗaya ba.

Akwai kuma ƙaramin abu da ke fallasa littafin da ba a kula da shi ba, wato waƙafin sama. In ka buga 'yan ko 'ya'ya a farkon kalma, Word kan zaci za ka buɗe zance ne, sai ya juya alamar ta kalli wancan gefe. Ya kamata ta zama iri ɗaya da wadda ke cikin sana'a da jama'a. A neme su a daidaita kafin a juya fayil. Haka nan yanke kalma a ƙarshen layi. Manhajar da aka bari a kan Turanci da ƙa'idar Turanci za ta yanka, ta raba t da s, ko s da h, ko k da w, alhali a wurinmu kowannensu sauti guda ne. In ba a da tabbacin manhajar ta san gaɓoɓin Hausa, gara a kashe yankan nan na kai-tsaye, a bi da hannu inda layi ya yi sako-sako.

Yanzu sai LaTeX. Asalinsa wani masanin lissafi da kwamfuta ne na Jami'ar Stanford a Amurka, Donald Knuth, wanda bai ji daɗin yadda aka tsara wani littafinsa ba, ya zauna a 1977 ya fara gina manhajar da ya kira TeX. A shekarun 1980 Leslie Lamport ya ɗora mata tsarin da ya sauƙaƙa ta, shi ne LaTeX. A nan ba ka ganin shafi yayin da kake rubutu. Rubutu ne zalla da 'yan umarni: nan babi ne, nan jadawali ne, nan lissafi ne. Manhajar ce ke auna layuka ta fitar da PDF. Mai aikin Hausa ya yi amfani da reshen da ake kira XeLaTeX, wanda Jonathan Kew ya fitar a 2004, domin shi yana karɓar Unicode da kowane font da ke cikin kwamfuta.

Gadar da ke tsakanin Word da LaTeX wata 'yar manhaja ce mai suna Pandoc, wadda John MacFarlane, malamin falsafa a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ya fara a 2006. Layi guda ake rubuta mata: pandoc, sai sunan fayil ɗin Word, sai alamar ragi da harafin o, sai sunan sabon fayil mai ƙarewa da tex. Fayil mai ƙarewa da docx take karantawa. In tsohon doc ne, sai an buɗe shi an sake adanawa tukuna. Tana kwaso kanun babi in an ba su salo, da rubutun gicciye da mai kauri, da bayanan ƙasan shafi, da lissafin da aka rubuta da kayan lissafin Word, da jadawali marasa sarƙaƙiya. Launi da girman haruffa da faɗin gefe duk zubar da su take yi, kuma da gangan ne. Rubutun da aka cusa cikin akwatin zane kuwa yana iya salwanta, don haka a fito da shi fili tun da wuri. Kyauta ce, kuma da zarar an sauke ta ba ta buƙatar intanet. Mu da muka ga yadda aka rufe layukan sadarwa a faɗin Zamfara a watan Satumbar 2021 har tsawon makonni, mun san darajar kayan aikin da ba ya jiran netwok.

Amma fa ba ina cewa kowa ya koma LaTeX ba ne. Malamin lissafi ko injiniyanci a Talata Mafara da ke rubuta littafin darasi, ko mai haɗa ƙamus, ko mai littafin da bayanan ƙasan shafi suka yi wa yawa, zai ci ribar watannin da ya kashe yana koyo. Marubuciyar labari kuwa ba ta da buƙatar wannan ɗawainiya. Fayil mai tsabta da mai tsara shafi nagari sun ishe ta.

[Gajeren kiɗa]

Iri biyu na littafi sun fi shan wuya wajen juyawa, kuma duka biyun namu ne. Na farko littafin waƙa. Masu nazarin waƙar baka, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, sun saba rubuta ta da nuna inda jagora ya faɗa da inda 'yan amshi suka karɓa, ɗa bayan ɗa, da gindin waƙa yana dawowa. Mai bugawa a shago da maɓallin tazara yake jera wannan, kuma shi ne abu na farko da ke rushewa. A ƙirƙiri salo a Word, a sa masa suna Jagora, wani Amshi, wani Baiti, a bar kowane layi ya tsaya da kansa. InDesign zai gane su, Pandoc ma na iya riƙe sunayensu in an umarce ta. Sannan ina roƙon masu buga rubutu, don Allah ku bar wa mawaƙi harshensa. In an rubuta munka ko sunka ko yaz zo, ba kuskure ba ne, Zamfarci ne. Wanda ya mayar da Ɗanƙwairo Bakano ya karya masa kari.

Na biyu littafin addini, mai ayoyi da hadisai a tsakiyar Hausa. Larabci daga dama yake tafiya, boko daga hagu, kuma ba kowace manhaja ke iya haɗa su a layi guda ba. InDesign sai an kunna masa tsarin da ya san rubutun dama, in ba haka ba haruffa su rarrabu ko su juya baya. Bayan kowace juyawa, a sami mahaddaci ya bi ayoyin da Mus'hafi a hannu, wasali bayan wasali, domin nan ba wurin kintace ba ne. Masu ajami kuma su san akwai font mai suna Alkalami da ƙungiyar SIL ta fitar, wanda aka zana bisa salon rubutun Kano, da wani mai suna Harmattan. Ba sai an ɗauki hoton rubutun hannu an manna ba.

Maganar hoto ta tuna mini: hoton da ya bi ta WhatsApp an matse shi, a allon waya yana da kyau, a takarda sai ya fito dishi-dishi. Maɗaba'a na son ɗigo 300 a kowane inci. A tura hotuna daban, a matsayin fayil, kada a dogara da waɗanda aka manna cikin Word.

Idan an gama tsarawa, abin da ke tafiya maɗaba'a, ko a Gusau ko Zariya ko Kano, PDF ne da aka dasa masa font a ciki. A tambayi mai inji shafi nawa farantinsa ke ɗauka, don ana buga littafi ne a manyan takardu da ake ninkewa, 8 ko 16 ko 32. Littafi mai shafi 130 na iya jawo kuɗin faranti na musamman saboda shafi 2 kacal, alhali ɗan matse tazara zai mayar da shi 128. Kafin a yi faranti, a buga samfuri a takarda, marubuci ya karanta da biro, ya ba wani ma ya karanta. Gyara a wannan mataki kuɗin takarda ne kawai, bayan faranti kuwa sai an sake faranti.

Sai batun da ke haddasa rigima bayan shekaru. Tun ranar ciniki, malam, ka yi sharaɗi da mai tsara maka shafi cewa zai ba ka fayil ɗin aikin kansa, na InDesign ne ko na LaTeX, da font ɗin da ya yi amfani da su, ban da PDF. Duk gyaran da aka yi a samfuri kuma ka mayar da shi cikin naka fayil na Word, don kada gyararren littafin ya zama yana hannun mutum guda. Kwamfutar shago na lalacewa, mai shago na iya tashi. Ka ajiye kwafi a filashi, wani a imel ɗinka, wani a hannun ɗan'uwa a wani gari, domin bugu na biyu daga nan zai tashi.

Lokaci ya cim mana, jama'a. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. 

[Kiɗan rufe shiri]